Emlen Tunnell: Baƙar Fatar Da Ya Kai Kansa Neman Aiki Ba A Kira Shi Ba

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, amma ya sha bamban da tamaular da aka saba gani. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa a sheƙa da gudu, ko kuma a jefa wa ɗan'uwa. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna neman kai shi ƙarshen fili, abokan karawarsu kuwa aikinsu tarewa da kayarwa. Saboda tsananin karo, ba a shiga sai da hular kwano da sulke a kafaɗa. Galibi masu kai hari ake yi wa tafi, masu tsaron baya kuwa ba a cika tunawa da su ba sai ran da aka ci su. To, cikin masu tsaron bayan nan ne aka yi wani mutum mai suna Emlen Tunnell, wanda har yau ba a manta da shi ba.

An haife shi ran 29 ga watan Maris, 1924, a garin Bryn Mawr cikin jihar Pennsylvania. Tun yana ƙarami iyayensa suka rabu, uwarsa ce ta yi ɗawainiyarsu da aikatau a gidajen attajiran Turawa. Yaron ya tashi da zafin nama, har jami'ar Toledo ta ɗauke shi a 1942 saboda gwanintarsa a wasa. Bai daɗe da zuwa ba ya gamu da tsautsayi a fili, ƙashin wuyansa ya karye. Aka ɗauka shi da ƙwallo sun yi ban kwana ke nan.

A lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Da ya murmure sai ya je shiga sojan ƙasa, aka ƙi shi saboda wuyan. Ya koma sojan ruwa, nan ma haka. Daga ƙarshe rundunar masu gadin gaɓar teku ta karɓe shi a 1943. A zamanin nan baƙar fata a jirgin yaƙi ba ya cika wuce aikin kicin da kai wa hafsoshi abinci, shi ma aikin da aka ba shi ke nan a wani jirgin kaya mai suna Etamin.

A watan Afrilu na 1944, jirgin yana tsaye a Aitape, gaɓar tsibirin New Guinea, sai wani jirgin saman Japan ya sakar masa bam mai bi ta cikin ruwa. Wuta ta tashi a ɗakin inji. Wani makaniki abokin Tunnell ya fito a guje, wuta na ci a jikinsa. Tunnell ya bi shi ya kama, ya yi ta bugun wutar da tafin hannunsa har ta mutu, sa'an nan ya ɗauke shi ya kai wurin magani. Mutumin ya rayu, shi kuwa hannuwansa suka ƙone. Bayan shekara biyu, a watan Maris na 1946, a tashar Argentia ta Newfoundland, wani abokin aikinsa ya faɗa teku daga kan gada. Ruwan ya yi sanyi har ya kusa zama ƙanƙara. Tunnell bai tsaya wata-wata ba, ya yi tsalle ya bi shi, ya riƙe shi har aka tsamo su. Ba a ba shi lambar yabo ba yana raye.

Da ya bar soja a 1946 sai ya shiga jami'ar Iowa, ya koma wasan da aka ce ya gama da shi, ya kuma yi suna. Amma shiga sahun masu wasa don albashi wani abu ne dabam. Tun daga 1934 har 1945 manyan ƙungiyoyi ba su ɗauki baƙar fata ko ɗaya ba. Ba wata doka aka rubuta ba, masu ƙungiyoyin ne kawai suka haɗa baki. Sai a 1946 aka ɗan buɗe ƙofa, aka ɗauki mutum huɗu, biyu a Los Angeles, biyu a Cleveland. Ƙungiyar Giants ta birnin New York kuwa, wadda aka kafa tun 1925, ba ta taɓa sa baƙar fata a fili ba.

A 1948 Tunnell yana zaune gida ba aiki, ba kuma wanda ya aiko masa. Hausawa na cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kamar yadda shi kansa ya riƙa ba da labari, dala ɗaya da rabi ce kaɗai a aljihunsa ran da ya fita bakin titi yana tsai da motoci, har wani direban motar ayaba ya rage masa hanya zuwa New York. Ya nemi ofishin Giants, ya shiga ba takardar kowa a hannunsa, ya ce yana so a gwada shi. Mai ƙungiyar, Tim Mara, ya ga ƙarfin halinsa, ya yarda. A watan Yuli na shekarar nan aka sa hannu, ya zama baƙar fata na farko da ya yi wa Giants wasa.

Aikinsa shi ne tsayawa can baya, yana lura da mai jifa. In aka jefa ƙwallo don wani ya karɓa, sai ya riga shi, ya cafe a sama, ya juya da gudu zuwa gidan abokan karawa. Haka kuma in suka dako ƙwallo da ƙafa don su nesanta shi daga gidansu, shi ne mai karɓa ya komo da shi, alhali ƙarti na rugowa kansa. A 1950 mai koyar da su, Steve Owen, ya shirya wata dabara da aka sa wa suna tsaron laima, domin mutum huɗu na baya suna buɗewa kamar laima su rufe duk inda za a jefa ƙwallo. Tunnell yana cikin huɗun nan, tare da Tom Landry. Da wannan dabara suka ci Cleveland Browns 6 da 0, karo na farko ke nan da aka tashi wasa Browns ba su ci ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki ya faru a 1952. A shekarar nan, in aka haɗa nisan da Tunnell ya komo da ƙwallo, ya haura yadi 900. Dan Towler, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo cikin masu kai hari, yadi 894 ya samu. Wato mai tsaro ya fi mai hari cin ƙasa. A 1956 kuma Giants suka ci kofin ƙasa, bayan sun lallasa Chicago Bears 47 da 7.

A 1959 Vince Lombardi, wanda ya yi aikin koyarwa a Giants, ya koma shugabancin ƙungiyar Packers ta Green Bay, sai ya ɗauko Tunnell. Green Bay ƙaramin gari ne mai tsananin sanyi a jihar Wisconsin, baƙaƙen fatar da ke cikinsa a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Ga baƙunci, ga kaɗaici, samun ɗakin haya ma aiki ne. Tunnell ya riga ya manyanta, sai ya zama kamar mai masauki ga samarin baƙaƙen fata da aka riƙa kawowa, irin su Willie Wood da Herb Adderley. Yana koya musu wasa, yana nuna musu yadda za su zauna da mutanen gari. Ran ƙarshe na shekarar 1961 Packers suka ci kofi 37 da 0, kuma tsohuwar ƙungiyarsa Giants suka cinye. Daga nan ya aje wasa.

Cikin shekara 14 ya cafe ƙwallon abokan karawa sau 79, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa. Sai a 1979 Paul Krause ya wuce shi da 81, har yanzu kuwa ba na uku da ya kamo su. Sau tara ana zaɓensa cikin gwanayen shekara.

Ya koma Giants yana zagaya makarantu neman yara masu baiwa, daga baya ya zama mataimakin mai koyarwa, yana cikin baƙaƙen fata na farko-farko da aka ba irin wannan matsayi. A 1967 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen wasan da ke Canton a jihar Ohio, shi ne baƙar fata na farko da ya sami wannan girma.

Ciwon zuciya ya kama shi a 1974. A watan Yuli na 1975, yana sansanin horon Giants a Pleasantville ta jihar New York, ciwon ya sake tashi, ya rasu bai daɗe da haura shekara 50 ba.

Bayan rasuwarsa da shekaru masu yawa aka tono labarin mutum biyun nan da ya ceta. A 2011 rundunar masu gadin gaɓar teku ta ba iyalinsa lambar azurfa ta ceton rai a madadinsa. A 2021 kuma ta ƙaddamar da sabon jirgin sintiri mai ɗauke da sunan Emlen Tunnell, mutumin da a da aikinsa a rundunar bai wuce kai wa hafsoshi abinci ba.