Dokta Walter Miller: Baturen da ya so a yi ibadar Kirista da Hausa

Duk wanda ya shiga majami'a ranar Lahadi a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ya ji ana karatu da wa'azi da Hausa tsantsa, to ya ci karo da wani yanki na aikin Dokta Walter Miller, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

An haifi Miller a Ingila a shekarar 1872, ya kuma karanci aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Da ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS, sai ya tafi Tarabulus ta ƙasar Libiya, inda ya zauna cikin Hausawa fatake da mahajjata yana koyon harshen daga bakin masu shi.

A shekarar 1900 ya shigo ƙasar Hausa cikin ayarin Bishop Herbert Tugwell. Sun isa Kano, amma Sarki Alu Babba ya umarce su da su fice, suka dawo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya. Sai a 1905 Miller ya samu zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Abin da ya bambanta shi da Turawa da yawa na zamaninsa shi ne ra'ayinsa cewa Bahaushe ba ya buƙatar ya zubar da harshensa da rigarsa kafin ya zama Kirista. Shi kansa yakan sa tufafin Hausawa, ya kuma laƙanci harshen har ya wallafa littafin koyar da shi.

Wannan ra'ayi ya gamu da gwajinsa a 1913, lokacin da wasu Isawa suka zo wurinsa. Su ne zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda matsayin da ya ba Annabi Isa cikin karantarwarsa. Mutane ne da suka tashi da allo da tawada, ba su san tsarin ibadar cocin Ingila ba. Miller ya karɓe su a haka, aka kafa musu gari a Gimi, jagorancinsu kuma ya koma hannun Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, a zamanin da Turawa da dama ke ganin limanci nasu ne su kaɗai. Ciwon barci ya yi wa Gimi mummunar ɓarna cikin 'yan shekaru, yaran da suka tsira suka koma makarantar Zariya.

Zamansa bai rasa rigima ba. Mutum ne mai kaifin harshe da ba ya saurin sassauci. Ya yi ta kai ruwa rana da jami'an mulkin mallaka da kuma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, waɗanda suka bi addininsa a birni kuma ba su da yawa. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan gari. A can magina Hausawa suka gina majami'ar St Bartholomew da jar ƙasa bisa tsarin gininsu na gargajiya, tana nan tsaye har yau.

Miller ya koma Kano ya duƙufa kan fassara. Da haɗin gwiwar masanan Hausa da 'yan mishan na SIM da SUM, waɗanda tsarin ibadarsu ya saɓa da na Angilikan, aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Littafi ɗaya ya zama abin karantawa a ɗarikun da ba su yarda da juna ba kan baftisma ko tsarin shugabanci.

Cikin ɗalibansa akwai Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Miller ya bar CMS a 1935, ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952. A yau fastoci da limamai Hausawa ne ke jagorancin majami'un Angilikan, ECWA, Katolika da Baftis a kudancin Katsina, kowace da salon waƙarta da addu'arta, harshen ibadar kuma ɗaya ne.