James Stewart, Ɗan Siliman da Ya Tafi Yaƙi

An haifi James Stewart ran 20 ga Mayu 1908 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Ya riga ya yi suna a wasan silima lokacin da ya shiga soja a 1941, bayan an fara mayar da shi saboda rashin ƙiba.

A Nuwamba 1943 ya isa Tibenham a Ingila tare da Runduna ta 445, masu manyan jiragen jefa bom ƙirar B-24. Mahaifinsa ya haɗa shi da wasiƙa da Zabura 91, ya kuwa riƙe ta har yaƙi ya ƙare. Sau 20 yana fita kai hari, yana sane ran mutum goma na cikin kowane jirgin da yake jagoranta.

Bayan an sauya masa wurin aiki, ran 27 ga Satumba 1944 Jamusawa suka harbo jirage 25 na tsohuwar rundunarsa kusa da Kassel.

Ya dawo gida da muƙamin kanar, amma ba ya son ba da labarin yaƙin. Ya rasu ran 2 ga Yuli 1997.