Robert Tigerstedt

Robert Tigerstedt (28 ga Fabrairu, 1853 – 2 ga Disamba, 1923) masanin aikin sassan jiki ne ɗan ƙasar Finlan. An fi saninsa da gano renin, sinadarin da ƙoda ke fitarwa wanda ke daidaita ƙarfin bugun jini da yawan gishiri a jiki.

Karatu da aiki

An haife shi a Helsinki, inda ya yi karatun likita. A 1881 ya koma Cibiyar Karolinska da ke Stockholm, a Suwidin, ya zama farfesa a 1886. Ya dawo Jami'ar Helsinki a 1900.

Gano renin

A 1898 shi da ɗalibinsa Per Bergman suka tatsi ruwa daga ɓawon ƙodar zomo, suka ɗura wa wasu zomaye ta jijiya, sai jininsu ya hau. Suka raɗa wa sinadarin suna renin, daga kalmar Latin ta ƙoda.

Masana sun yi watsi da binciken har 1934, lokacin da Harry Goldblatt ya matse jijiyar ƙodar karnuka, hawan jini ya kama su. Tigerstedt bai ga wannan rana ba, don ya rasu a Helsinki shekara 11 kafin nan.

Tasiri

Yanzu an san cewa idan jini ya sauka ko gishiri ya ƙaranta, wasu ƙwayoyin ƙoda kan saki renin, jijiyoyi su tsuke, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Magungunan hawan jini da dama wannan hanya suke toshewa.