Sarkin Katsina Muhammadu Dikko (1865–1944) da Yaƙi da Cutar Kuturta

An haifi Muhammadu Dikko a shekarar 1865 a cikin zuriyar Sulluɓawa. Ɗa ne ga Durbin Katsina Gidado, kuma shi ma ya riƙe sarautar Durbi. A 1906 Turawa suka tuɓe Sarki Yero, suka ɗora Dikko a gadon sarauta, inda ya zauna har rasuwarsa a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi.

Masana tarihi sun fi tunawa da shi a kan kafa baitulmali, da buɗe Kwalejin Katsina, da aikin hajjin da ya yi a 1921 ta hanyar Ingila. Sai dai rawar da ya taka a fagen lafiyar al'umma ba ta samu kulawar da ta dace ba.

A zamaninsa kuturta ta addabi ƙasar Hausa. Babu magani mai warkarwa, sai allurar man calmugura, wani itace na ƙasar Indiya, wadda zafinta ya fi amfaninta. Ƙwayar dafson kuwa ba ta shigo hannu ba sai bayan rasuwarsa. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da isassun likitoci, waɗanda ke shirye su yi aikin kuma 'yan mishan ne, alhali an daɗe ana taƙaita shigarsu masarautun Musulmi.

A nan Dikko ya fuskanci zaɓi mai wuya: ko ya ƙi baƙin likitoci ya bar talakawansa da cuta, ko ya karɓe su tare da fargabar a sauya wa majinyata da 'ya'yansu addini. Ya zaɓi karɓa, kamar yadda aka yi a Kano da Sakkwato. Wajen 1937 ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi ragamar zangon kutare na Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, bisa yarjejeniya da hukumar En'e.  Duk da haka, taƙaddama a kan wa'azi da renon yaran majinyata ba ta gushe ba.

Wannan ƙulli bai warware ba har yau. A 2003 jihar Kano ta dakatar da allurar rigakafin shan-inna saboda zargi, cutar ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Al'amarin ya daidaita sosai ne bayan da sarakunan Arewa suka shiga gaba, har aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Afirka a 2020. Tarihin Dikko na nuna cewa a ƙasashe masu tasowa, samun magani rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne samun wanda jama'a suka amince da shi ya tsaya masa.