Gunpei Yokoi: Mai gyaran injin karta da ya ƙera Game Boy

Tun kafin kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya nuna wa duniya hoton sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, Switch 2, abin da ya fi tsaya wa masu buga gem a rai shi ne makomar wasannin da suka riga suka saya. Wasu sun shekara bakwai suna tara su, kuma guda ɗaya kan kai dala 60. A watan Nuwamban 2024 shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya tabbatar cewa sabuwar na'urar za ta karɓi wasannin tsohuwar. Da ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, an sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Wannan al'ada ta mutunta abin da mai saye ya mallaka ta kafu a Nintendo ne ta kan wata ƙaramar na'urar hannu, Game Boy, wadda kaset ɗinta na 1989 ya ci gaba da aiki a kan sabbin na'urori fiye da shekara 15. Mutumin da ya jagoranci ƙera ta, Gunpei Yokoi, bai yi tsawon ran ganin hakan ba.

An haife shi a birnin Kyoto ranar 10 ga Satumban 1941, ya karanta fannin lantarki a Jami'ar Doshisha. A 1965 ya samu aiki a Nintendo, wanda a lokacin sana'arsa buga karta ce, irin mai zanen furanni da Japanawa ke kira hanafuda. Aikin Yokoi shi ne kula da injinan masana'anta. Aiki ne marar yawa, don haka idan ya rasa abin yi sai ya riƙa ƙere-ƙerensa a gefe.

Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya zo zagaye ya tarar da shi da wani hannun wasa da ya haɗa, wanda ke miƙewa ya ɗauko abu daga nesa. Maimakon faɗa, sai Yamauchi ya umarce shi ya mayar da abin hajar sayarwa. Aka sa masa suna Ultra Hand, ya fito a 1966, aka sayar da sama da miliyan ɗaya. Daga nan Yokoi ya bar gyaran inji ya koma ƙirƙirar kayan wasa: injin jefa ƙwallo, da bindigar haske, har da wata na'ura da saurayi da budurwa ke riƙewa wai ta auna musu ƙarfin soyayya.

Labarin da aka fi saninsa da shi ya faru ne a cikin jirgin ƙasa mai gudu na Shinkansen, inda ya ga wani ma'aikaci yana ta danna maɓallan kalkuleta don ɗebe kewa. A ƙarshen shekarun 1970 gasar da ake yi tsakanin Sharp da Casio ta karya farashin allon kalkuleta da sauran kayan cikinta. Yokoi ya ɗauki waɗannan kaya masu arha ya yi Game & Watch da su, wato wasa da agogo a haɗe da ke shiga aljihu. Na farko ya fito a Afrilun 1980, kuma jimillar da aka sayar ta kai miliyan 43.4.

A kan ɗaya daga cikinsu, Donkey Kong na 1982, aka fara sanya maɓallin nan mai siffar alamar tarawa da ake tura ɗan wasa sama da ƙasa, dama da hagu. Duk wanda ya taɓa riƙe fad a gidan gem ya ɗora babban yatsansa a kan jikan wannan maɓalli. Yokoi ne kuma ya sa ido a kan wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, lokacin da yake ƙirƙirar Donkey Kong na asali a 1981, wasan da Mario ya fara bayyana a ciki.

Tunaninsa guda ne tun daga farko har ƙarshe: a bar sabuwar fasaha mai tsada da ba a gama sanin halinta ba, a ɗauki wadda ta kwana biyu, ta yi arha, injiniyoyi suka san cikinta da wajenta, a nema mata wani amfani da ba wanda ya hango.

Game Boy ce ta gwada wannan tunani. Ta fito a Japan ranar 21 ga Afrilun 1989, aikin sashen da Yokoi ke jagoranta tare da mataimakinsa Satoru Okada. Allonta ba kala, kore-kore ne dishi-dishi, kuma ba ya haske a duhu. Ƙwaƙwalwar cikinta ƙirar Sharp ce da aka ɗora a kan fasahar shekarun 1970. A wannan shekarar Atari ya fito da Lynx mai kala, a 1990 kuma Sega ya biyo da Game Gear, ita ma mai kala. A ido sun fi ta kyau nesa ba kusa ba.

Sai dai kowacce cikin biyun batir shida take ci, kuma ba su wuce awa uku zuwa biyar. Game Boy batir huɗu take ɗauka, ta yi awa 15 ko fiye. Wanda ya san ciwon mutuwar waya a tsakiyar hira ba ya buƙatar ƙarin bayani a nan. Ga arha, dala 89.99 a Amurka haɗe da wasan Tetris. Ga kuma ƙarko: akwai wata da ta ƙone a lokacin yaƙin Tekun Fasha, amma ta ci gaba da aiki, aka ajiye ta shekaru a shagon Nintendo na New York mutane na kallo.

A 1990 Nintendo ya fito da sabuwar na'urarsa ta talabijin, Super Famicom, wadda ba ta karɓar kaset ɗin tsohuwar. Da ta isa Amurka a 1991 iyaye sun yi ta ƙorafi, don tarin kaset ɗin da suka saya wa 'ya'yansu ba zai shiga sabuwar ba. A ɓangaren na'urorin hannu ba a maimaita hakan ba. Game Boy Color ta 1998 ta zo da irin ƙwaƙwalwar ta farko, aka ninka mata sauri kawai, don haka tsohon kaset yana shiga ya yi aiki. Game Boy Advance ta 2001 sabuwar ƙira ce gaba ɗaya, amma sai aka dasa tsohuwar ƙwaƙwalwar a cikinta don tsofaffin wasanni. Hakan ya yiwu ne saboda ƙanƙantarta da arharta. Da Yokoi ya biye wa masu neman kala da ƙarfi a 1989, da wuya a iya ɗaukar wannan nauyi daga na'ura zuwa na'ura. Game Boy da Game Boy Color tare sun kai miliyan 118.69.

Yau lamarin ya fi haka wahala. Switch 2 ba ta ɗauke da kayan cikin tsohuwar, wata manhaja ce ke fassara mata tsofaffin wasannin yayin da ake buga su, shi ya sa kamfanin ya wallafa jerin waɗanda ke samun tangarɗa.

Yokoi ma ya yi tuntuɓe. A Yulin 1995 aka fito da Virtual Boy, na'urar da ake kafa ido a cikinta a ga hoto mai zurfi, amma ja da baƙi kawai. Masu amfani da ita sun koka da ciwon kai, wasanni 22 kacal aka yi mata, kuma abin da aka sayar bai wuce 770,000 ba kafin a dakatar da ita. Ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, sannan ya bar Nintendo a Agustan 1996 bayan shekara 31. Mutane da dama sun danganta tafiyarsa da faɗuwar Virtual Boy, ko da yake an ruwaito cewa ya daɗe da niyyar ajiye aiki ya kafa nasa. A farkon wannan shekarar ce Pokémon ya fito a kan Game Boy, ya farfaɗo da na'urar da aka fara yi wa kallon tsohuwa.

Ya kafa kamfanin Koto, ya shiga aiki da Bandai a kan wata sabuwar na'urar hannu. Ranar 4 ga Oktoban 1997 motar da yake ciki ta daki bayan wata babbar mota a kan babban titin Hokuriku, a lardin Ishikawa. Ya fito ya duba ɓarnar, sai wata motar da ke wucewa ta kaɗe shi. Ya rasu yana da shekara 56, shekara ɗaya kafin fitowar Game Boy Color.

Na'urar da ya bari ba a kammala ba, WonderSwan, ta fito a Maris ɗin 1999. Ita ma ba kala, kuma batir ɗaya tak take amfani da shi. An sa wa ɗaya daga cikin wasanninta na farko suna Gunpey don tunawa da shi. A Satumban 2025 kuma, shekara 30 bayan faɗuwar Virtual Boy, Nintendo ya sanar da dawo da wasanninta a kan Switch da Switch 2.