Marigayi Ibrahim Alfa, Ɗan Garkida Da Ya Tuƙa Jirgin MiG

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan ƙasar Mubi, irin su Bahuli da Vimtim, ya san wasan da yara kan yi in an girbe dawa. Sai a ɓare kara, a yanyanka totuwa, a ƙera mota, gwani kuwa ya ƙera jirgin sama har da fukafukai da wutsiya. Samarin yanzu a cikin wasan kwamfuta suke ƙera nasu, suna kwaikwayon tsofaffin jiragen yaƙi irin MiG-17 gaɓa-gaɓa. To, akwai wani ɗan Adamawa da ya tuƙa na gasken, watau marigayi Ibrahim Mahmud Alfa.

An haife shi a Garkida ran 14 ga watan Agusta na 1942. Ya yi firamare a Jimeta, ya yi sakandare a Yola, sa'an nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wadda yau ake kira Barewa, ya gama a 1962. A 1963 ya shiga sahun samarin farko da aka ɗauka don kafa rundunar mayaƙan sama, aka tura su Jamus ta Yamma koyon aiki. A lokacin ma ba a kafa rundunar bisa doka ba sai a 1964, kuma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Alfa ya komo gida a 1966, ya tarar da ƙasa a yamutse, rundunar tasu kuwa ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya, sai ƙananan jiragen koyo da na ɗaukar saƙo.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, Gwamnatin Janar Gowon ta nemi jiragen yaƙi wurin Ingila da Amurka, ba su ba ta ba. Sai ta juya wajen Rasha. Cikin watan Agusta manyan jiragen dakon kaya suka fara sauka a filin jirgin sama na Kano ɗauke da MiG a wargaje, makanikan Rasha suka harhaɗa su a can. A wannan shekara aka tura Alfa Rasha ya koyi tuƙa MiG-15 da MiG-17.

Jirgin nan gajere ne, hancinsa a buɗe yake kamar bakin tulu, ta nan yake zuƙar iska ya kai wa injinsa guda ɗaya, fukafukansa kuma sun karkata baya don ya tsaga iska. MiG-17 mutum ɗaya yake ɗauka, yana da igwa uku a ƙarƙashin hanci, ɗaya mai faɗin baki milimita 37, biyu masu 23, gudunsa kuwa ya kai kilomita 1,100 a sa'a. MiG-15 da aka kawo Nijeriya mai kujera biyu ne, na malami da ɗalibi. Abin mamaki shi ne asalin injin na Ingila ne, gama Turawan Ingila da kansu suka sayar wa Rasha injin kamfanin Rolls-Royce a 1946, Rashawa suka kwaikwaye shi. Ashe abin da aka hana ta ƙofa ya shigo ta taga.

Amma fa tarihin jiragen nan a yaƙin ba abin buga ƙirji ba ne ɗungurungum. Da fari matuƙan haya ne suka riƙa tashi da su, yawancinsu Misirawa, kuma bama-baman da jiragen Tarayya suka saki sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci, farar hula da yawa suka hallaka. 'Yan Arewa da ke zaune a Inugu da Aba da Onica za su iya cin karo da dattawan da har yau ba su manta da ƙarar ba. Shi ya sa samun matuƙa 'yan ƙasa irin su Alfa ya zama wajibi, don ba a ɗora amanar sararin ƙasa a kan ɗan haya. Ya shugabanci rukunin mayaƙan sama da ke Benin a lokacin yaƙin. Filin jirgin Benin na cikin waɗanda wani Basuwidine mai suna von Rosen ya kai wa hari a watan Mayu na 1969, da wasu 'yan ƙananan jirage kamar na wasan yara, ya sami jiragen Tarayya a ajiye a ƙasa.

Bayan yaƙi, a 1970, aka ba Alfa riƙon makarantar koyon tuƙin jirgi ta Kano. A watan Yuli na 1978 Janar Obasanjo ya naɗa shi Kantoman Jihar Kaduna, lokacin tana haɗe da Katsina, shi ne kuma ya miƙa mulki ga Alhaji Balarabe Musa ran 1 ga Oktoba, 1979.

A watan Janairu na 1984 ya zama Hafsan Hafsoshin Mayaƙan Sama a ƙarƙashin Janar Buhari, Janar Babangida kuma ya bar shi a kan kujerar. A 1987 ya sami muƙamin Eya Mashal, shi ne na fari da ya taka wannan matsayi a Nijeriya. Sai dai girman ya zo masa a mummunan lokaci. A zamaninsa jiragen Jaguar na Ingila suka iso, amma kuɗin mai ya faɗi, kayan gyara suka gagara saye. Ga kuma shari'ar juyin mulkin da aka tuhumi Janar Mamman Vatsa da shi, inda hafsoshi 10 da aka harbe ran 5 ga Maris, 1986 suka haɗa da na mayaƙan sama, mutanen da ke ƙarƙashin Alfa. Daga nan masu mulki suka riƙa yi wa rundunar kallon hadarin kaji. Ya sauka a 1990, ba a daɗe ba aka jingine Jaguar ɗin gaba ɗaya.

Alfa ya rasu ran 16 ga Maris, 2000, yana da shekara 57. Allah ya jiƙansa. Shekara 12 bayan haka kujerar tasa ta sake komawa Adamawa, aka ba Alex Badeh, ɗan Vimtim.