Abdullahi Bey Khalil: sojan da ya jagoranci majalisa, kuma a hannunsa aka rufe ta

Duk wanda ya taɓa bin layi don neman takardar jinsiyya a ƙasar nan, aka tambaye shi ina aka haifi kakansa kuma wa zai tsaya masa shaida, to ya ci karo da gadon zamanin Abdullahi Khalil, ko da bai taɓa jin sunansa ba. A littattafan makaranta da abu biyu ake tuna shi: shi ne firaminista na biyu bayan Isma'il al-Azhari, kuma daga hannunsa mulki ya koma wurin soja a 1958. Ni kuwa abin da ya sa na ɗauko tarihinsa shi ne wata rana guda da ke rubuce cikin dokar da majalisa ta zartar yana kan kujera, wato 31 ga Disamba 1897. Za mu zo kanta, amma bari mu fara da mutumin.

An haife shi a Umdurman wajen 1892, lokacin garin na hannun Khalifa Abdullahi. Yana ɗan shekara shida ke nan aka yi yaƙin Karari, ran 2 ga Satumba 1898, daular Mahadi ta faɗi, Ingila da Masar suka karɓi ƙasa. Danginsa Kunuz ne, reshen Nubiyawa da asalin mazauninsu ke kudu da Aswan, a ɓangaren Masar. Ku riƙe wannan a zuci, domin mutumin da gwamnatinsa za ta tsara wane ne ɗan Sudan, shi ma jijiyarsa ta tsallaka iyaka.

Ya yi karatu a Kwalejin Gordon da ke Khartum, daga nan ya wuce makarantar soja, ya shiga rundunar Masar a 1910. A 1924 abubuwa suka dagule. Aka kashe Gwamna Janar Lee Stack a Alƙahira, Turawa suka kori sojojin Masar daga Sudan, wasu hafsoshi 'yan ƙasa ƙarƙashin Abdul Fadil al-Maz suka ɗaga bindiga a tsakiyar Khartum aka murƙushe su. Khalil bai bi wannan hanya ba. Ya zauna cikin sabuwar rundunar tsaron Sudan da aka kafa a 1925, ya yi ta hawa har ya zama ɗan ƙasa na farko da ya kai muƙamin Amiralai. A 1944 ya ajiye kaki. Tun daga nan mutane suka riƙa kiransa Bey kawai, kuma halin bariki bai taɓa sakinsa ba: gajeren zance, son a gama aiki, da rashin haƙuri da doguwar mahawara. Masu son haɗewa da Masar sun ɗauke shi mutumin Ingila, shi kuwa yana ganin haɗarin da ya fi kusa daga Alƙahira zai fito.

A shekarun da yake hawa matakan soja, mutanenmu suna shigowa daga yamma. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Nilul Azrak kusa da Sinnar wajen 1906. Wasu kuma alhazai ne masu tafiyar ƙasa, suna yin aikin shekara ɗaya ko biyu su tara guzuri, wasu su wuce Sawakin, wasu tafiyar ta ƙare nan. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hukuma ta buƙaci hannuwa masu tsinkar auduga, kuma hannuwan nan da yawa namu ne. Wasu kuma suka nufi Jazira Aba, suka yi wa Sayyid Abdurrahman al-Mahadi noma saboda aƙida.

Abin haushin shi ne, hukumar da ke neman ƙarfinmu ita ce ke kallonmu a matsayin masu kawo cuta. Ruwan magudanan Jazira ya zo da tsargiya da zazzaɓin sauro, sai aka riƙa tsare leburori masu zuwa daga yamma a wurare irin su Kosti ana gwada su kafin a bar su su shiga. Magudanan da katantanwa ke hayayyafa a ciki, su ba a tsare su ba.

To a nan ne hanyar Bey ta haɗu da tamu. A 1944 ya shiga Majalisar Shawara ta Arewacin Sudan. A 1945 aka kafa jam'iyyar Umma ƙarƙashin inuwar Sayyid Abdurrahman, ya zama babban sakatarenta. Da aka buɗe Majalisar Dokoki a Khartum a Disamba 1948, shi aka ba jagorancinta, aka haɗa masa da ma'aikatar gona. Tare da shi akwai Dokta Ali Badri a ma'aikatar lafiya da Abdurrahman Ali Taha a ta ilimi, su ukun ne ministoci 'yan ƙasa na farko. (Yaran yanzu da yawa suna zaton a Umdurman majalisa take tun fil azal. A'a, ginin nan na bakin kogi sai zamanin Numairi aka yi shi.) Jam'iyyar Ashigga da masu ra'ayin Masar sun ƙaurace wa majalisar, suka ce ta Turawa ce, aka yi zanga-zanga har da asarar rayuka. Amma ba majalisar amin-amin ba ce gaba ɗaya. A Disamba 1950 ta zartar da buƙatar mulkin kai da ƙuri'a 39, masu adawa 38. Ƙuri'a ɗaya tal. A cikin zauren akwai wakilai 13 daga Kudu, karo na farko da suka zauna da 'yan Arewa a majalisar dokoki guda.

A wannan shekara ta 1948 gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokar da ta fayyace wane ne ɗan Sudan. Ma'aunin shi ne zama a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, kai ko kakanninka ta wajen uba. Wato wanda ke nan kafin Kitchener ya shigo Umdurman. Ku yi lissafi da kanku. Jama'ar Mai Wurno sun iso bayan wannan rana da kusan shekara tara. Mutumin da aka haifa a Sinnar a 1910, ya yi noma, ya biya haraji, ya aurar da 'ya'ya, ya binne iyayensa a nan, a idon doka baƙo ne. Wanda kakansa ya zo tun zamanin Turkiyya ko ya yi yaƙi a rundunar Mahadi, ga su nan da yawa cikinmu, shi kuma sai ya kawo shaida, kuma wa ke rubuta sunan talaka a takarda a 1897?

Haka abin ya shafi gidaje. Tsakanin 1949 da 1953 aka rushe tsofaffin unguwannin Duyum da ke kudancin Khartum, aka raba wa mazauna filaye a sababbin Duyum. Mutanen yamma kuwa aka ware su gefe guda, wurin da aka sani da Ishash Fallata. Sunan ma ya isa bayani, bukkoki. Sun zauna nan shekara arba'in, birni ya girma ya kewaye su, har farkon shekarun 1990 da aka kwashe su zuwa Ingaz. A Jazira kuma ga kanabi, matsugunan leburori a gefen magudana, ba fili na kanka, ba asibiti, ba makaranta, saboda a lissafin hukuma masu wucewa ne. Ban ce Bey ne ya zana waɗannan taswirori da hannunsa ba. Amma shi ne ministan gona kuma jagoran zauren da ya kamata a tayar da maganar. Hankalinsa da na abokansa duk yana kan tambaya ɗaya, 'yanci ko haɗewa da Masar, sauran matsaloli aka ce su jira.

Zaɓen 1953 bai yi wa Umma daɗi ba. Jam'iyyar Azhari ta lashe kujera 51 cikin 97, Umma ta tsira da 22. Azhari, wanda ya hau da alkawarin haɗewa da Masar, shi ne ya juya, majalisa ta ayyana 'yanci ran 19 ga Disamba 1955, aka ɗaga tuta ran 1 ga Janairu 1956. Abin da Khalil ya yi shekara goma yana nema, abokin hamayyarsa ne ya ci ribar hotonsa. Amma wata shida kawai aka yi ƙasa ta zame wa Azhari. Sayyidai biyu, Abdurrahman al-Mahadi da Ali al-Mirghani, sun sasanta, 'yan Khatmiyya suka ɓalle suka kafa tasu jam'iyya, suka haɗa kai da Umma. Ran 5 ga Yuli 1956 Abdullahi Khalil ya zama firaminista, ya kuma riƙe ma'aikatar tsaro.

A 1957 majalisa ta zartar da dokar jinsiyya ta farko ta Sudan mai 'yanci. A nan ne nake ganin an yi asarar dama. Turawa sun tafi, ƙasa tamu ce, ana iya cewa duk wanda tuta ta tarar a nan ɗan ƙasa ne. Maimakon haka aka ɗauko ranar Turawa, 31 ga Disamba 1897, aka sake dasa ta. Gaskiya dokar ta buɗe ƙofa ta biyu, ta tajannus: wanda ya shekara goma a ƙasa, yana jin Larabci ko ya daɗe sosai, ba shi da mugun hali, yana iya nema. Mutanenmu da dama ta nan suka shiga. Sai dai kowa ya san bambancin takardar haihuwa da ta tajannus. Ta farko haƙƙi ce, ta biyu alfarma ce da hukuma ke bayarwa in ta ga dama. Kuma ko wannan 'yar ƙofar sai da ta zama sandar faɗan jam'iyyu. Da yake yawancin mutanen yamma ana ganinsu Ansaru ne, abokan hamayya suka riƙa zargin Umma da neman tara ƙuri'un Fallata. Kun ga inda aka ajiye mu ke nan, wani na ƙirga mu a matsayin ƙuri'a, wani na ƙirga mu a matsayin maguɗi. A daidai lokacin kuma ake haƙa magudanan Manakil don faɗaɗa Jazira, aikin da ke nufin ƙarin leburori da ƙarin kanabi.

In za a yi masa adalci, mutum ne mai tsayawa. A Fabrairu 1958, da Masar ta nemi Halayib ana gab da zaɓe, bai yi sanyi ba, ya kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Abdul Nasir ya janye. Umma ta fito zaɓen da kujera 63 cikin 173, ta fi kowa amma ba ta isa mulki ita kaɗai ba. Daga nan gwamnatin haɗin gwiwa ta zama kamar kishiyoyi a ɗaki ɗaya. Auduga ta 1957 ta ƙi sayuwa saboda tsadar farashin da aka sa mata, ta 1958 ba ta yi kyau ba, baitulmali ya bushe. Bey yana son tallafin Amurka, abokan tafiyarsa na Khatmiyya suna ja da baya, da ƙyar majalisa ta amince a Yuli 1958. 'Yan Kudu kuma suna neman tsarin tarayya da aka yi musu alkawarin dubawa a Disamba 1955, aka watsar da maganar, har suka fice daga zaure.

An tsara majalisa za ta dawo zama ran 17 ga Nuwamba 1958. Jita-jita ta cika Khartum cewa ana shirya sabuwar haɗaka da za ta kayar da shi, kuma shugabannin hamayya suna ta kai-komo zuwa Alƙahira. Da asubahin ranar sojoji suka fito, Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki, aka rushe majalisa da jam'iyyu ba tare da an harba harsashi ba. Bayan faɗuwar Abbud a 1964, da aka yi bincike, shi da kansa ya bayyana cewa firaminista ne, wanda kuma shi ne ministan tsaronsa, ya matsa masa ya karɓa. A nawa ganin Bey ya zaci aron kujera ya ba tsofaffin abokan barikinsa, su share fage su mayar. Ba su mayar ba. Ga wanda ke da dangi a soja ko a fadar Sayyid, rufe majalisa ba ya hana shi samun kunnen da zai ji kukansa. Mai zama a kambo kuwa, zauren nan duk da gazawarsa shi ne kaɗai wurin da wani wakili zai iya miƙewa ya ce a canza kwanan wata a doka.

Sojojin sun yanka masa fansho, shi da Azhari, suka ajiye su gefe. Bai daɗe ba ya koma cikin masu neman soja su koma bariki, kuma a Yuli 1961 aka kama shi tare da Azhari da Muhammad Ahmad Mahjub da wasu jagorori, aka kai su Juba aka tsare na wasu watanni. Bayan Oktoba 1964 siyasa ta dawo amma ragamar Umma ta koma hannun Mahjub da Sadik al-Mahadi, shi kuwa tauraronsa bai sake tashi ba.

Ya rasu ran 23 ga Agusta 1970, shekara guda bayan Azhari, wata biyar bayan sojojin Numairi sun yi luguden wuta a Jazira Aba. Ranar 1897 ta fi shi tsawon rai. Sai cikin shekarun 1970 aka matso da ita zuwa 1 ga Janairu 1924, sannan dokar 1994 ta kai ta 1 ga Janairu 1956, wurin da tun 1957 ake iya ajiye ta. A takarda an gama magana. Amma a Yuli 2022, da rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azrak aka kashe mutane aka kori dubbai daga gidajensu, abin da aka jefi Hausawa da shi, shi ne wai baƙi ne.